Unguwannin bayan gari a manyan birane, abin da aka tattauna

Na bi duk maganganun da aka yi tun jiya kan abin da ya kamata mutum ya duba kafin ya zauna a unguwannin bayan gari, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda sufuri ne kan gaba. A gefen Tokyo ko Landan jirgin ƙasa zai kai ka har tsakiyar birni, amma a Houston ta Amurka in ba ka da mota ka shiga uku, ko kanti za ka je sai ka tada mota.

2. Makaranta. A Amurka kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidaje yake fitowa, shi ya sa iyaye da yawa makarantar suke bi kafin su duba gidan.

3. Nan kan ya rabu. Wasu sun ce fili da rashin hayaniya da wurin wasan yara sun fi komai, wasu suka ce gosulo safe da yamma yana cinye duk wannan daɗin. Ni dai ina tare da na biyun, lokacin da za ka zauna da yaranka ne ke tafiya a hanya.

4. Bayan gari ba duka na masu kuɗi ba ne, a yankin Seine-Saint-Denis da ke gefen Paris masu ƙaramin ƙarfi sun fi yawa.

5. Kafin ka kama gida, je ka ga unguwar da daddare, ka koma ranar da aka yi ruwan sama.