Shawarwarin waɗanda suka yi hutu a kudancin Turai

Da muka zauna da wasu da suka sha zuwa can, bakinsu ya zo ɗaya a kan lokaci: kada ka je a Yuli ko Agusta. A Kordoba, a yankin Andalus na kudancin Sifen, zafi kan haura maki 40, ga cunkoso, ga tsadar masauki. Watan Mayu ko Oktoba ya fi.

Andalus ce ta cinye yawancin hirar, ni ma can hankalina yake. Fadar Alhamra a Garanada, birnin da ya fita daga hannun Musulmi a 1492, sai ka sayi tikiti makonni kafin tafiya, domin shiga fadojin Banu Nasr, sarakunan Musulmi na ƙarshe a birnin, da ƙayyadadden lokaci ne. Ka makara, ka rasa. Wata baiwar Allah ta ce ta daɗe tsaye tana bin "wa la galiba illallah" da aka sassaƙa a bango, layi bayan layi, har idonta ya ciko. Babban masallacin Kordoba kuwa yanzu coci ne, ba a barin salla a ciki, don haka ka yi taka kafin ka shiga.

A Girka, mai neman natsuwa ya bar tsibirin Santorini, ya hau jirgin ruwa daga tashar Piraeus, kusa da Atina, zuwa tsibirin Naksos ko Amorgos. Akropolis, tudun tsoffin gine-ginen tarihi a Atina, da sassafe ake hawa, da takalmi mai riƙe ƙasa, don dutsen yana da santsi.

Bizar Shengen, wadda ake shiga ƙasashen Turai da yawa da ita, a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa ake nemanta.