Shawarwari ga mai neman wasannin barkwancin Birtaniya a Amurka

A wata hira da muka yi kan inda za a samu wasannin barkwancin Birtaniya a Amurka, kukan da aka fi yi shi ne tashoshin PBS (tashoshin talabijin na al'umma a Amurka) sun maƙale wa wasanni kaɗan: Keeping Up Appearances, Are You Being Served? da As Time Goes By, ana ta maimaita su shekara da shekaru. Wani daga cikinmu ya bayyana dalilin da ya sa ba a cika samun irin waɗannan wasanni a sauran tashoshi ba, ni ma na gamsu. Turawan Ingila kan yi kashi shida kacal a zango ɗaya, har Fawlty Towers duk shahararsa kashi 12 ne gaba ɗaya, alhali tashoshin kasuwanci na Amurka sun fi son wasan da ya kai kashi ɗari, don su riƙa sa shi kullum. In wasa ya burge su kuma, sai su sake shirya nasu, kamar yadda aka yi da The Office a 2005.

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce a yi rajista da BritBox, dandalin kallo ta intanet wanda BBC da tashar ITV ta Birtaniya suka buɗe a Amurka a 2017. Wasu sun ambaci wani dandalin mai suna Acorn TV, amma shi ya fi ƙarfi a wasannin 'yan sanda.

Masu sayen faifan DVD daga Ingila su kula: an raba faifan DVD bisa yankunan duniya, faifan can na yanki na 2 ne, na'urar Amurka kuwa ta yanki na 1 ce, sai an nemi wadda ke karanta kowane yanki. Wata kuma ta ce a rubuta wa tashar PBS ta garinku, tunda kowace tasha ita ke zaɓar abin da take saye, kuma gudummawar masu kallo na cikin abin da take rayuwa da shi.