Wane abinci zai kai dare ranar Kirsimeti?

Jama'a, ku taimaka da shawara. Ɗaki da falo gare ni a Agege, kuma ranar 25 ga Disamba 'yan'uwa da abokai kusan 20 za su zo, cin abinci ne kawai da hira. Bara na ce ƙarfe 2, amma na Obalende sai bayan magariba suka iso, wai cunkoso. Dafa-dukar da na zuba a kula ta caɓe har ta fara tsami, zoɓo kuma ya yi ɗumi don an ɗauke wuta. Bara waccan na ce kowa ya zo da abinsa, sai ga shinkafa kwano shida, ba mai nama ko ɗaya! Wane abinci zan dafa da safe ya kai dare lafiya ba tare da firji ba?