Wane salo zan ba 'yar tsamiyata?

Mai tsamiya, Aboabo: Salamu alaikum. Ina da 'yar tsamiya a tukunya, shekararta 2, kaurinta bai wuce babban yatsana ba. Akuyar maƙwabta ta cinye kanta, yanzu duk ta karkace hagu. Bonsai nake so in mai da ita, wato ɗan ƙaramin itacen ado a tukunya mai siffar babban itace. In miƙar da ita ne?

Ɗan Asawase: Hajiya, ai akuya ta riga ta zaɓa miki! Miƙaƙƙen salo, chokkan, sai itacen da ya tashi sak. Ki bi karkatar, Japanawa shakan suke ce masa.

Tsohon mai lambu: 'Yata, kar ki yi gaggawa. Sa ta a babbar tukunya ta yi kauri tukuna. Naɗa mata waya don ba ta siffa sai bayan hunturu, kuma ki riƙa dubawa kar wayar ta ci ɓawon.

Mai tsamiya: To Baba, na gode. Akuyar fa?