Neman kalma: me za mu kira "desktop environment"?

Malama Rabi: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da ɗora Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a tsofaffin kwamfutoci, kuma darasin da Hausa ne. Sai na bambance wa ɗalibai GNOME na yanzu da MATE, wato nau'i biyu na "desktop environment", kafin kowa ya zaɓa. Me zan kira "desktop environment"? "Classic" fa, wato yadda ake siffanta MATE? Gobe da yamma zan kai takardar a buga.

Auwal: Fuskar kwamfuta, Malama.

Injiniya Bello: Fuska ta yi kaɗan, ƙanena. Ɗalibi zai ɗauka hoton bango ake nufi. Abin ya haɗa sandar sama da ta ƙasa, jerin manhajoji, tagogi, saituna, har da mai buɗe fayil: Caja a MATE, Nautilus a GNOME. Ni "muhallin aiki" nake cewa.

Auwal: To muhallin tebur mana, tunda daga tebur aka aro.

Injiniya Bello: Tun 2018 GNOME ya daina barin a baza gumaka, wato ƙananan hotunan fayiloli da manhajoji, a kan allo sai da ƙarin manhaja. Wane tebur za ka nuna wa yaro?

Baba Ɗanjuma: Zauren na'ura. Nan mai shigowa yake fara sa ƙafa, nan ake zama a yi aiki, ta nan ake wucewa cikin gida. Na sha kawo kalmar nan kuna tsallake ta. Kuma ku bar cewa kwamfuta, muna da na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Malama Rabi: Allah ya ƙara girma, Baba, kalmar ta yi daɗi. Sai dai ɗalibaina in suka ji zaure, na WhatsApp za su tuna.

Baba Ɗanjuma: Don yara sun karkatar da kalma sai mu bar musu ita? Ba mu za mu gyara ba, 'yata?

Isufu: Mu nan Maraɗi biro ake cewa, daga Faransanci. Kowa ya gane.

Auwal: A nan biro abin rubutu ne.

Isufu: Shi ne abin da ke ci mini rai. In kalma ta fito daga Turancin Ingilishi sai a ce aro, in ta fito daga wajenmu sai a ce ba a gane ba. Hausar Kano ba ita kaɗai ce Hausa ba.

Baba Ɗanjuma: Da biro da tebur duk kayan baƙi ne. Zaure namu ne, daga Sakkwato har Damagaram.

Malama Rabi: Don Allah ku taimake ni da "classic", lokaci na tafiya. Na rubuta "tsohon yayi".

Injiniya Bello: Goge shi, Malama, zai sa su raina MATE. A Afrilun 2011 GNOME 3 ya fito, ya kawar da sanduna biyun da mutane suka saba da su, ya koma danna kusurwar hagu ta sama ko buga sunan manhaja. Jama'a da yawa ba su so ba, har Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya koma wani irinsu mai suna Xfce a lokacin. A shekarar ne wani ɗan Ajantina ya ɗauki GNOME 2 ya ci gaba da shi da sunan MATE, kuma har yanzu ana sabunta shi. Zubinsa ne na da, shi kansa ba tsoho ba ne. Kuma ga injin da ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce giga 2 ba, shi ko Xfce zan ba ɗalibi, don sun fi GNOME sauƙin nauyi. In kin ce tsohon yayi, duk GNOME za su ɗora, injin ya riƙa ja.

Isufu: Zubin da, da zubin yanzu.

Injiniya Bello: Wannan ya zauna. Ya fi "na gargajiya" da na so in kawo.

Baba Ɗanjuma: Zubi Hausa ce, ban ƙi ba. Muhallin aiki kuwa ban karɓa ba, ofis ma muhallin aiki ne.

Malama Rabi: Haka ne, Baba. Zan sa "muhallin allo" a takarda, zubin da da zubin yanzu. Zaure kuma zan kawo shi da baki wajen bayani, in ga yadda za su karɓe shi.

Auwal: Allo ma ai kusan fuskar da na faɗa ce.

Baba Ɗanjuma: Ki buga yadda kika ga dama. Amma ki dawo ki faɗa mana wadda yaran suka riƙe.