Wai manyan Turawa ma suna maguɗi a caca?

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa. Jiya a majalisa wani abokina ya dage wai a kulob ɗin caca na masu kuɗin Ingila ba a ha'inci, wai duk 'ya'yan manya ne masu mutunci. Ni ban yarda ba wlh, dan Allah wanda ya san tarihin ya warware mana.

Malam Tarihi: Ɗan uwa abokinka bai ji labarin Tranby Croft ba ne. A 1890 aka taru a Tranby Croft ɗin, gidan wani attajiri mai jiragen ruwa, Arthur Wilson, ana buga bakara, wata cacar karta, kuma Yarima mai jiran gadon Ingila da kansa ne ke riƙe da banki, wato shi ke raba karta yana biyan wanda ya ci. Sai aka ce an ga Sir William Gordon-Cumming, babban hafsan soja fa, yana tura ƙarin kuɗi kan abin da ya zuba in ya ga hannu ya yi kyau. Maimakon a fasa ƙwai sai aka sa shi ya sa hannu a takarda cewa ya bar karta har abada, su kuma za su rufa masa asiri, to amma magana zarar bunu, ta fita, ya kai ƙara a 1891 wai an ɓata masa suna, har Yariman sai da ya tsaya gaban kotu ba da shaida. Gordon-Cumming ya faɗi shari'ar, aka kore shi daga soja. Duk a kan fam 225, mutumin da ke da filaye a Sikotlan!

Hajiya Mai Karatu: Tun kafin shi akwai Lord de Ros a kulob ɗin Graham's na Landan, da farce yake yi wa manyan karta alama. Shi ma ƙara ya kai a 1837 ya sha ƙasa.

Abban Sadiq: Ni na Phil Ivey, shahararren ɗan cacar karta ɗan Amurka, ya fi tsaya min a rai. 2012 a gidan cacar Crockfords na Landan ya ci fam miliyan 7.7, shi da abokiyarsa sun lura zanen bayan kartar bai daidaita ba, sai suka roƙi mai rabawa ta riƙa juya musu wasu wai camfi ne na sa'a. Gidan ya hana kuɗin, kotun ƙoli a 2017 ta ce cuta ce.

Malam Tarihi: Nan kam ina da ja, ko taɓa kartar bai yi ba, su suka juya da hannunsu.

Abban Sadiq: Haba Malam, ai ƙarya ya yi wa yarinyar da ke raba kartar kan dalilin juyawar, da ta san nufinsa da ba ta juya ko ɗaya ba.