Muhawara a zauren tsofaffin ɗalibai: ba da ido bayan mutuwa sadaka ce?

Mai buɗe magana: Assalamu alaikum. Da ɓacin rai nake wannan rubutu. Ƙanwata shekararta 19. Kyanda ta kama ta tana yarinya, aka ɗiga mata wani maganin gargajiya, hakiya ta rufe idon dama, na hagun kuma yanzu sai ta kawo takarda dab da hancinta kafin ta ga baƙaƙe. Likita ya haska idon ya ce jijiyar gani lafiyarta ƙalau, tantanin nan garai-garai da ke gaban baƙin ido, wanda suke kira koniya, shi ne ya dushe, kuma da za a samu na mamaci a dasa mata da ta gani. Wata goma sha ɗaya ke nan ana ce mana sai an shigo da shi daga waje da dala. Najeriya tana da dokar dashen koniya tun 1973, Habasha kuwa ta buɗe bankin idonta, wato wurin da ake ajiye koniyar mamata don a dasa wa masu buƙata, a Addis Ababa a 2003. Me ya hana gwamnati ta zuba kuɗi a bankunan ido a Kano da Kaduna da Sakkwato, ta kuma wayar da kan jama'a su yi wannan sadaka mai gudana?

Malamin Islamiyya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Amma ka gyara kalmarka, domin ba a yin sadaka sai da abin da aka mallaka, jikin ɗan Adam kuwa amana ce a hannunsa, kuma hadisin Nana A'isha da Abu Dawuda ya ruwaito ya nuna cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya: Allah ya gafarta Malam, babu ƙashin da ake karyawa. Tantanin bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, ana ɗaukarsa cikin 'yan awanni bayan rasuwa, a sa a ruwan magani a ajiye a sanyi har zuwa kwana 14, kuma mai wankan gawa ba zai ga wata naƙasa a fuska ba. Da yake babu jijiyoyin jini a cikinsa, ba a ma neman jinin mai bayarwa ya zo ɗaya da na mai karɓa. Idan wannan ba sadaka ba ce, a faɗa mini sunanta.

Malamin Islamiyya: Hajiya, ban ce aikin ba shi da amfani ba. Na ce sunansa ba sadaka ba ne. Ko malaman da suka halatta sun kira shi lalura, kuma tsakanin lalura da sadaka akwai tazara.

Ɗalibin shari'a: Malam, da girmamawa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta a ɗauki gaɓar mamaci a dasa wa rayayye idan mamacin ya yi izini kafin rasuwarsa ko magadansa suka yarda, da sharaɗin kada a sayar. Wanda ya ba da izini don Allah yana fatan lada, kuma murmushi ma an kira shi sadaka, alhali ba dukiya ba ne. Iran tana da babban bankin ido a Tehran tun shekarar 1988 ɗin.

Alhaji ɗan kasuwa: Yaro, ba daga can muke ɗaukar addininmu ba, kuma ka daina kawo mana su a wannan zaure.

Ɗalibin shari'a: Alhaji, Jidda na fara ambata, kuma a Saudiyya take.

Alhaji ɗan kasuwa: Ko daga ina ne. Ni kalmar banki ce ma ta fi tayar mini da hankali, domin duk inda aka ce banki to akwai ajiya da riba. A ƙasar da muke jin labarin an ƙwaƙule wa almajiri ido, ranar da aka ce ido yana da ma'ajiya, wa zai tsare mana yaranmu da maƙabartunmu?

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya: Alhaji, wannan magana ta yi mini zafi, kuma irinta ce ke sa mutane gudun asibiti. Masu tsafi ba ruwansu da dashe, idon da aka ƙwaƙule a daji kuwa ba ya dasuwa, domin sai an san mamacin, an gwada jininsa saboda cututtuka irin su ƙanjamau da ciwon hanta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki. Shekara talatin na yi a ɗakin marasa lafiya, ba zan yarda a haɗa mu da matsafa ba.

Alhaji ɗan kasuwa: Ban kira sunanki ba, Hajiya, amma kowa ya san yadda talaka ke kwana a barandar asibiti mai kuɗi ya shige.

Malamin firamare: Ni a ganina wasiyya ya kamata a kira shi, tunda sai bayan mutuwa yake aiki.

Malamin Islamiyya: Wasiyya a sulusin dukiya take, ido kuma ba dukiya ba ne. Ka ga kai ma ka dawo kan maganata.

Ɗalibin shari'a: Idan haka ne, Malam, jinin da almajiranka suka je suka bayar lokacin haɗarin motar bara, me sunansa? A nan zauren ka kira shi sadaka.

Malamin Islamiyya: Jini yana dawowa, kuma rayayye ne ya bayar. Sannan ka koyi yadda ake yi wa na gaba magana, domin na karantar da yayyenka.

Mai kula da zaure: To, jama'a, a dakata haka. Abin da na fahimta shi ne Malam ya kawo hadisi ingantacce kuma babu wanda ya iya ture shi, don haka kalmar sadaka ba ta dace ba, sai dai a ce lalura. Tsoron da Alhaji ya bayyana yana kan hanya. Hajiya ta yi bayanin aikinta, mun gode. Ɗalibinmu kuma ya nemi afuwar Malam, a kuma daina kawo fatawoyin waje ba tare da an tuntuɓi malamanmu na gida ba. Na rufe wannan babi.

Mai buɗe magana: Ranka ya daɗe, na janye kalmar, a kira shi lalura. Amma tambayata a kan gwamnati ce, kuma har yanzu ba wanda ya taɓa ta. Ranar Litinin zan sake kai ƙanwata asibiti. Wanda ya san ɗan majalisar da zai saurari maganar kasafin kuɗin bankin ido, don Allah ya yi mini magana ta gefe.